"Ba a fafe gora ranar tafiya": har da juyen man mota?

Direban Kusuri, Garwa
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana aka jefe ni da ita yau da safe, har yanzu tana min yawo a ka. Land Cruiser nake ja mai injin gas (dizal) samfurin 1HZ, ta maigidana ce, muna kai kaya daga Garwa zuwa Kusuri ta Marwa da Mora da Waza. An gama lodi an ɗaure tamfol, sai na tuna man injin ya haura kilomita 7,000 ba a yi juye ba. Na biya gareji na ce a yi min bidanji yanzu-yanzu in kama hanya. Dattijon da ke mana aiki ya dube ni ya ce, "Yaro, ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce zai yi, amma da sharaɗin motar ta kwana a Garwa. Na yarda don girmansa, raina dai bai so ba. A sanina ana faɗin wannan ga wanda bai shirya ba, ni kuwa shirin na je yi. Sabon mai ranar tafiya ba shi ne ya fi ba?

Malamar Hausa, Marwa
Wa'alaikumus salam ƙanena. Mu fara da goran kansa. Idan duma ya bushe, sai a yanke bakinsa a ƙwaƙule 'ya'yan da duk abin da ke ciki, wannan shi ne fafewa. Amma aikin bai ƙare nan ba. Sabon gora ɗaci gare shi, sai an cika shi da ruwa an bari, a zubar a sake, kwana da kwanaki, kafin ruwansa ya shawu. A wannan jiƙon ne kuma ake gane ko yana yoyo. Wanda ya fafe da safe ya rataya ya shiga daji, ko dai ya sha ɗaci ko ya tarar ruwan ya tsiyaye. Saboda haka a fahimtata ba makara kaɗai karin maganar ke zargi ba. Tana magana ne a kan aikin da ke buƙatar lokaci bayan an gama shi, kafin a amince masa da rai.

Ɗan Nguéli, Injamena
Malama, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin an ja maganar ta wuce inda take. Gora na buƙatar kwanaki, juye kuwa rabin awa ne. A kwance noti, tsohon mai ya zuba, a sa sabuwar filta, a zuba sabo, shi ke nan. Ni da zan ba wannan bawan Allah karin magana, "da babu gara ba daɗi" zan ba shi. Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 200, Marwa zuwa Kusuri fiye da 250, ga ramuka ga ƙura. Juyen gaggawa ya fi a ɗora wannan tafiyar a kan man da ya riga ya gaji. Kwana ɗaya na direba kuɗi ne.

Bakanike, Ngaundere
Ɗan Nguéli, gaskiyarka a rabi. Babu wanda ya ce a tafi da tsohon mai, shi ma dattijon bai ce haka ba. Abin da ya hango daban ne, kuma duk wanda ya daɗe a ƙarƙashin mota ya san shi.

Idan aka kwance tsohuwar filta, wani lokaci robar bakinta takan maƙale a jikin injin. Yaron gareji na sauri bai duba ba, ya ɗaura sabuwa a kai, roba biyu ke nan. A gareji ba za ka ga komai ba. Sai injin ya ɗau zafi mai ya tsinke, ka ga ya fara feshi. Haka washar notin ƙasa, in ba a canza ta ba ko ba a ɗaure daidai ba, ɗigo take yi a hankali. Injin 1HZ yana shan mai wajen lita 10, amma feshin filta ba ya jimawa yake cinye su. Ka ɗauka hakan ta same ka tsakanin Waza da Dabanga, wa zai kawo maka jarka? Shi ya sa nake sa a zaga da mota gari bayan juye, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a duba kwalin a zare sandar awo kafin a tayar. Wannan shi ne jiƙon goran da Malama ta faɗa.

Amma ƙanena direba, laifinka na gaske ba na yau ba ne. Ranar fafewarka ta wuce tun a kilomita 5,000.

Direban Kusuri, Garwa
Maigida, ai na ji ana cewa 10,000 ake yi. Wani ma ya ce min man zamani yana kai fiye da haka.

Bakanike, Ngaundere
A littafin mota akan raba tazara biyu, ta aikin yau da kullum da ta aiki mai tsanani. Tsananin da suke nufi shi ne ƙura, kaya masu nauyi, hanya marar kwalta, da barin inji yana aiki a tsaye. Ka faɗa min wanne ne ba namu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, Maris da Afrilu zafin da ke haura digiri 40 a Marwa da Kusuri. Ka tsaya layin gadar Nguéli, wadda ake tsallakawa daga Kusuri zuwa Injamena, awa biyu inji na kaɗawa, agogon kilomita bai motsa ba amma mai yana tsufa. Ga gas ɗin da muke sha, musamman na jarka a bakin titi, wanda ba ka san yawan sulfa da ruwan da ke ciki ba. Sulfa idan ya ƙone yakan haifar da asid a cikin mai, kuma sinadarin da aka sa wa man don ya kashe asid ɗin ƙarewa yake yi. Don haka ga tsohon inji irin naka, 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, tare da filta kowane juye. Mutanen da ke kai 10,000 a kan kwalta mai kyau da gas mai tsabta ba su yi ƙarya ba, ƙasarsu ce daban.

Alhaji Mai Hilux, Kusuri
Ni tambayata a kan man ne. Shekara da shekaru mai kauri nake sa wa, don ina ganin zafin ƙasarmu sai shi. Kuma da na ga ya yi baƙi nake zubarwa. Waɗannan jarkoki masu ƙyalli da rubutu barkatai kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Malamar Hausa, Marwa
Ranka ya daɗe Alhaji, wannan ta zauna, har kalmar mai ta faɗo daidai. Sai dai ana faɗinta ne don a ce a duba sakamako a bar surutu. To sakamakon man inji ba a ganinsa ranar da aka zuba, sai bayan shekaru. Ina jin a nan dole a karanta rubutun, bari masu sana'a su faɗa.

Bakanike, Ngaundere
Alhaji, Allah ya ja kwana, ƙyallin girin-girin ne, amma lambobi biyu a jikin jarkar ba girin-girin ba ne. Ta farko irin 15W-40. Sha biyar ɗin na nuna yadda man ke gudu inji na sanyi, arba'in ɗin kaurinsa ne a zafin digiri 100. Inji mai lafiya ruwansa na zama wajen digiri 80 zuwa 90 ko a Kusuri ko a Ngaundere, don haka zafin rana ba dalilin neman mai kamar zuma ba ne. Mai da ya cika kauri yana jinkirin isa saman inji da turbo da asuba, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Lamba ta biyu ita ce API, mai nuna ajin man da irin injin da ya dace da shi. Wadda ta fara da C ta injin gas ce, kamar CH-4 ko CI-4. Wadda ke da S kaɗai ta injin fetur ce. Ga 1HZ da tsofaffin Hilux, 15W-40 mai CI-4 ya wadatar.

Sababbin da ake shigo da su daga Turai, masu matatar hayaƙi a salansa, su kam a bi littafinsu, don mai marar yawan toka suke so, na tsofaffi yana toshe matatar.

Baƙi kuwa ba shaida ba ce. Man injin gas yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki saboda yana kwashe kunkunniya ya riƙe ta, aikinsa ke nan. Abin tsoro shi ne ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ko ka ga yana ƙaruwa a sanda yana warin gas. Sannan a saya inda hatimin murfi bai karye ba. An taɓa kawo min jarka mai suna babba, cikinta tsohon mai ne da aka tace.

Ɗan Nguéli, Injamena
Na karɓi zancen 5,000 da na lambobi. Amma kan karin maganar ina nan inda nake. Bakanike mai lura zai duba robar, ya tayar da inji minti goma, ya leƙa ƙasa, a tafi. In an ce kowane aiki sai ya kwana, to mai faci ma ya ce taya ta kwana.

Malamar Hausa, Marwa
Taya idan ta sace kana ji a sitiyari ka tsaya, kuma da safaya a bayanka. Inji ba shi da safaya, kamar matafiyin da ba shi da gora na biyu. Ina jin nan ne iyakar inda maganar ta shafa da inda ba ta shafa ba.

Direban Kusuri, Garwa
Barkanmu da asuba. Na duba kwalin, a bushe yake, ko ɗigo babu, don haka Ɗan Nguéli zai ce na yi asarar kwana. Sai dai da yamma da babu gaggawa dattijon ya buɗe filtar iska, ƙura ta cika ta fal, aka canza, ya kuma tsiyaye ruwa kusan rabin kofin shayi daga ƙasan filtar gas. Na sa 15W-40 mai CI-4, ya rubuta kilomitar juye na gaba a takarda ya manna a jikin ƙofa. Yanzu zan tashi, ina so in wuce Mora kafin azahar. A sa mu a addu'a.