Neman shawara: ni kaɗai ne malamin lissafi a makarantarmu, wa zan riƙa tambaya?

Assalamu alaikum malamaina. A yi haƙuri da tsawon rubutu.

Zango na biyu ke nan da aka turo ni wata ƙaramar sakandare a ƙauye, cikin ƙaramar hukumar Darazo. NCE gare ni. Daga aji ɗaya har aji uku ni kaɗai ke koyar da lissafi, ga 'yan aji uku BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na tafe. Makon jiya na yi wa 'yan aji ɗaya gwaji, na sa 1/2 + 1/3. Cikin yara 64, guda 41 suka rubuta 2/5. Na koma allo na sake bayani tiryan-tiryan, kowa ya ce ya gane. Washegari jiya i yau. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ina cikin wani zauren WhatsApp na malamai, mun haura 200, amma taron tsintsiya ne ba shara: barka da Juma'a, tallar atamfa, sai "an ga alat?" in wata ya ƙare. Sau ɗaya na tura tambaya, mutum biyu suka sa min alamar babban yatsa, shi ke nan. Kuma gaskiya ina jin nauyin a ce malami guda bai iya koyar da abin aji ɗaya ba. Ta yaya zan samu wanda zai riƙe hannuna?

Malama daga Kumo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar zaure, bari mu fara da yaranka. Gobe kada ka taɓa alli. Ari mudu da gero a maƙwabta, ka zuba rabin mudu a gabansu, ka ce za a ƙara kashi ɗaya cikin uku na mudu. Tambaye su: zai wuce rabi ko zai ragu? Duk za su ce zai wuce. To sai ka auna musu 2/5, su gani da idonsu bai ma kai rabi ba. Yaron da ake aike awo kasuwa ba zai yarda an ƙara masa hatsi ya ragu ba. Daga nan ka naɗe takarda gida shida: rabi gida uku, ɗaya bisa uku gida biyu, jimla 5/6. Yaranka ba daƙiƙai ba ne, sama suke tarawa da sama, ƙasa da ƙasa, don haka suka saba da tara lambobi tun firamare. Maimaita ƙa'ida ba ya cire wannan, sai sun ga amsarsu ta ƙaryata kanta.

Tsohon malami, Azare: Ɗana, ka lura da abin da ya faru yanzu? Ka kawo kuskuren yaro da lambobinsa, nan take ka samu amsa. Da cewa ka yi "yarana ba sa gane lissafi", da addu'a kawai za ka tara. Wannan ita ce cutar manyan zaurukan nan, tambaya ba ta da kai, amsa ba ta da ƙafa.

Shawarata, bar wancan zauren don labarin albashi, yana da ranarsa. Nemi mutum biyar ko shida masu koyar da aji irin naka, ku buɗe naku. Duk mako mutum ɗaya ya ɗauki hoton aikin yaro da ya kuskure, ya rufe sunan yaron da yatsa ko takarda, ya turo. Kafin kowa ya ce ga yadda ake koyarwa, a fara amsa tambaya ɗaya: me yaron nan yake tunani da ya rubuta haka? Sai a shirya darasi tare, mai ajin ya je ya gwada, ya dawo ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, har inda ya watse. Ba ƙirƙirata ba ce. Malaman Japan sun daɗe suna haka, su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar saura na kallo, a zauna a tattauna. Irin wannan tunani ne shirin SMASE, na inganta koyar da lissafi da kimiyya, ya kawo Najeriya da tallafin JICA, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan. Bambanci kawai, ku waya ce za ta haɗa ku tun da tsakaninku da nisa.

Batun kunya kuwa, na shekara fiye da ashirin da alli a hannu kafin wani yaro ɗan bautar ƙasa ya nuna min hanyar da ta fi tawa wajen koyar da kusurwoyin da'ira. Na karɓa, na gode masa, ban rage tsawo ba.

Malami daga Dukku: Baba ya yi magana, amma a tuna da data da sabis. Mu nan sai an hau tudu. Duk zauren da ya dogara da bidiyo ko taron Zoom ba ya wata biyu. Hoto ɗaya da saƙon murya na minti biyu sun isa. Kuma ku sa doka tun ranar farko, wanda ya turo talla a goge, ko da yayanka ne. Namu a kan haka ya mutu, kowa na jin nauyin kowa.

Malama, cikin garin Gombe: Ka sauke manhajar lissafi ta GeoGebra ranar da ka shiga gari, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. Sannan ka nemi reshen ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa, MAN, na jiharku, a can ake gamuwa da tsofaffin hannu. Ni dai ban yarda waya kaɗai ta wadatar ba. Ko sau ɗaya a zango, samu wani ya zauna a bayan ajinka ya kalle ka. Ni sai da aka kalle ni na san layin gaba kawai nake yi wa magana.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Yau na shiga aji da mudu, har masinja ya leƙo ko rabon zakka ake. Wata yarinya ce ta fara cewa, "Malam, ai biyu bisa biyar ɗin bai kai ba." Na bar su suka yi ta gardama kusan minti goma. Baba, ga wata kuma: na koyar da -3 - 5 da misalin bashi, mai shago na bin ka 300 ka ƙara cin 500, sun gane. Amma -3 × -2 fa? Bashin ya ƙi shiga.

Tsohon malami, Azare: Nan bashi ba zai kai ka ba, ajiye shi. Jera musu a allo: 3 × -2 = -6, sai 2 × -2 = -4, sai 1 × -2 = -2, sai 0 × -2 = 0. Tambaye su nawa amsar ke ƙaruwa kowane layi, za su ce biyu. Rubuta -1 × -2, ka miƙa wa ɗaya allin, ka koma gefe. Ka turo min hoton allon ta akwatin sirri bayan la'asar. Malamar Kumo, in za ki shiga, mun zama uku.