Fita yawon buɗe ido da yaran da muke koyarwa a gida: ku ya kuka yi?

Uwar 'yan uku, Tarauni: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 'yan gidaje ne da ke koyar da yaranmu a gida, muna so mu haɗa su mu fita bayan Sallah. Waɗanda suka riga mu, don Allah ku ba mu haske. Ƙaramin cikinsu shekararsa 4, babban 14.

Baban tagwaye: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai a bambancin shekarun yaran nan gizo ke saƙar. Makaranta aji guda take fita da shi, duk tsara ɗaya, mu kuwa har da na goye. Da muka je Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, manyan sun tsare mai yi mana bayani da tambayoyi kan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da shigowar Turawa Kano a 1903. Ƙananan kuwa tuni sun fara tsere a tsakar gida. Ku raba su kashi biyu tun a ƙofa, kowane kashi da babba a gaba, babba a baya.

Maman 'yan mata, Hotoro: Ni dai Karofin Ƙofar Mata zan ce ku fara da shi, don shi ne ya riƙe mana babba da yaro lokaci guda. Tun 1498 ake rini a wurin. Mun tafi wa kowane yaro da ƙyallen farin yadi, suka ƙulle shi da zare, marini ya tsoma a ruwan baba. Da ya ɗago shi sai ga shi kore-kore, yaran suka ɓata rai wai an lalata musu. Ya ce su jira. A gaban idonsu iska ta sha shi ya koma shuɗi. Babbar 'yata mako guda tana binciken dalili, ban ce mata ta yi ba. Daga nan muka leƙa wajen masu bugun rinannen yadi, ƙarar ta sa autana toshe kunne yana dariya. Amma fa a kula: ramukan a buɗe suke, bakinsu daidai da ƙasa, zurfinsu ya wuce tsayin mutum. Ƙaramin yaro kada hannunsa ya bar na uwarsa. Kuma ban da kayan Sallah.

Malamin lissafi: Kuɗin shatar mota a karɓa tun ana saura mako. Mu ranar tafiya da asuba gida biyu suka ce ba za su samu zuwa ba, direba kuma ba ruwansa. Zumunci ya ɗan yi tsami.

Anti mai ɗinki: Wani wurin ya nemi takarda daga makaranta, mu kuma ina muka ga makaranta? Yanzu wasiƙa muke rubutawa da sunan iyaye, mu sa yawan yara da rana, wani ya kai tun kafin lokaci.

Baban tagwaye: In da hali ku haɗa da Dutsen Dala rana ɗaya, tunda an riga an biya mota.

Maman 'yan mata, Hotoro: Haba Malam, rufa musu asiri! Wuri ɗaya ya isa. Dala ranarta daban, da sassafe, bayan an ba yara labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala na dā, a gida. Zafin Afrilu bai dace da matakalar nan ba, in kuma hazon hunturu ya yi yawa ba za su hango gari ba. A guji cikin birni ranar Juma'a, kuma a dawo kafin Azahar.

Uwar 'yan uku, Tarauni: Allah ya saka da alheri. Ƙofar Mata za mu fara. Anti, ki turo min irin wasiƙar taku in kwafa.