Wa ya san sunan wannan tsohon fim mai ban tsoro da ban dariya?

Tambaya daga Tawa:
Assalamu alaikum. Ina neman sunan wani fim marar launi da na kalla ina yaro a gidan kawuna, zamanin kaset. Wani gajere mai ƙiba yana karanta takarda kusa da akwatin gawa, murfin yana ɗagawa a hankali, kyandir ɗin da ke kansa yana zamewa, shi kuwa tsoro ya shaƙe masa murya har ya kasa kiran abokinsa. Mun yi dariya har da hawaye, amma a daren nan ban iya fita tsakar gida ni kaɗai ba.

Amsa daga Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunansa Abbott and Costello Meet Frankenstein, wanda kamfanin Universal na Amurka ya fitar a 1948. Gajeren shi ne Lou Costello, dogon kuma Bud Abbott. Wanda ke cikin akwatin Bela Lugosi ne, wanda ya fito a matsayin Dracula, dodo mai shan jinin mutane, tun a 1931, sannan ga Lon Chaney Jr. da ke rikiɗa ya zama kyarkeci idan wata ya cika. A ganina, dalilin da ya sa ka kasa fita shi ne dodannin ba su yi wasa ba ko kaɗan. Sun taka rawarsu da gaske, aka bar wa matsoracin aikin ba da dariya. Da Dracula ya shiga barkwancin, da tsoron ya tafi, dariyar ma ta bi shi.

Amsa daga wani mutum daban a Tawa:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ni wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Mr. Vampire na Hong Kong, na 1985. Gawawwakinsa tsalle suke yi, hannuwa a miƙe, ba sa tsayawa sai an liƙa musu rubutacciyar takarda a goshi, kuma da numfashi suke gano mutum, saboda haka za ka ga almajiran bokan da ke yaƙar su sun toshe hanci, idanu sun firfito. Maganin dafinsu shinkafa ce mai danƙo, amma da aka aiki almajiri sayowa, mai shago ya gauraya masa da gama-gari. Wannan algus ɗin duk mai zuwa kasuwa ya san shi.

Mai tambaya:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na farkon ne nake nema, amma zan nemi na biyun mu kalla da yarana, da rana.