Wace robar silikon ce ke kama ƙananan zane a mazubi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manya. Na ƙera 'yar mujiya da yumɓun mai, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, gashin fuka-fukanta kuwa ɗaya bayan ɗaya na zana da allura. So nake in yi mata mazubi in riƙa zuba rezin, ruwan robar nan da ke daskarewa ya yi tauri. Na gwada silikon ɗin bututu da ake toshe gefen taga da shi, kwana uku cikinsa na nan ɗanye. Wanne zan nema?

Mai Kyandir: Wa alaikumus salam. Na bututu da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, shi ya sa in ya yi kauri cikin ke ƙin nuna. Nemi wanda ake haɗa kashi biyu, RTV-2 ake rubutawa a jikinsa. Iri biyu ne, gwargwadon sinadarin da ke sa shi daskarewa: mai kuza da mai filatinam. Ni mai kuza nake aiki da shi don ba shi da tsirfa, kusan a kan komai ka zuba shi sai ya daskare.

Tsohon Maƙeri: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma da saura. Mai kuza yana ɗan motsewa bayan ya daskare, kuma da shekaru suka tura sai ya tsufa ya fara yagewa. A kan kyandir ba za a lura ba. Mai filatinam kusan ba ya motsewa, kuma yana daɗewa a ajiye. Aibinsa ɗaya, zuciya gare shi. Da ya taɓa farar wuta, ko safar hannu ta lateks, ko kofin da aka taɓa dama mai kuza a ciki, sai wurin ya ƙi bushewa har abada. To yaro, yumɓunka akwai farar wuta a ciki?

Sabon Shiga: Wallahi Baba ban sani ba, na yar da kwalin.

Tsohon Maƙeri: To kada ka kusanci mujiyar tukuna. Ɗebi guntun yumɓun da ya rage, ka dama mai filatinam kaɗan ka ɗiga a kai, ka jira lokacin da aka rubuta. In ya ɓamɓaru sumul, bismilla. In ƙasansa ya yi danƙo, koma wa na Hajiya. Na taɓa asarar aikin wata guda a haka, sai da na zauna ina kankare danƙo da tsinke, zanen duk ya tafi.

Mai Firinta: Haka yake yi a kan abin da aka buga da firinta mai rezin ma, sai an wanke shi an gasa shi da haske sosai. Amma ni a ganina kun tsallake babban abu, wato kauri. Kowane silikon kirki zai ɗauki har zanen yatsa, kumfa ce ke ɓata aiki. Mai ruwa-ruwa yana kutsawa lungu ya kori iska, mai kauri kuwa sai da tukunyar zuƙe iska. In ba ka da ita, duba irin su Mold Star 15 na kamfanin Smooth-On. Mai filatinam ne, kofi ɗaya da kofi ɗaya ake haɗawa, minti 50 gare ka kafin ya fara kamawa, ya daskare cikin awa 4.

Mai Kyandir: Mece ce 15 ɗin? Na daɗe ina ganin lambobin nan ban tambaya ba.

Mai Firinta: Taurinsa ne a ma'aunin Shore A, Anti. Ƙaramar lamba, laushi. Abu mai lungu da saƙo kamar fiffike yana son 15 zuwa 25, don a iya miƙar da robar a zaro shi bai karye ba. Daga 30 zuwa 40 na abu mai faɗi ne ko mazubi mai ɓari biyu, inda ake so ya tsaya da ƙafarsa. Sai kuma a duba ƙarfin jure yagewa, don wasu masu sauƙin haɗawa nan da nan suke tsagewa.

Tsohon Maƙeri: Ku yaran yanzu da lambobi! Hannu ma na da nasa. Ka fara shafa siriri da buroshi mai laushi har ya shiga kowane zane. Sauran ka ɗaga kofin sama ka tsiyaya kamar zare a kusurwar akwatin da ka sa mujiyar a ciki, ba a kanta ba, ya taso da kansa ya rufe ta. In takardar silikon ɗin ta ce a haɗa 100 da 10, awon nauyi ake nufi, a sa sikeli, ban da kintace. Ka kankare gefen kofi da gindinsa wajen damawa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. In ɓari biyu zan yi fa?

Mai Kyandir: Shafa basilin siriri a fuskar ɓarin farko kafin ka zuba na biyu, don silikon da ɗan'uwansa manne wa juna suke. Kuma ka manne mujiyar a ƙasan akwatin, in ba haka ba ka ga ta taso tana iyo.

Sabon Shiga: Na samo mai filatinam, na ɗiga a kan guntun yumɓu tun da rana. Yanzu na ɓamɓare, ƙasan danƙo ne. Anti, wane tauri kike saye a mai kuzar?