Wa za a fara turawa wajen masu OT?

Sista Rabi, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Cikin majinyatan da nake bi gida-gida akwai uku da danginsu ke matsa min in tura su wajen masu OT, masu koya wa mara lafiya sake yi wa kansa hidima. Wanda muka samu daga Kaduna yake zuwa, kuma mutum ɗaya zai iya ɗauka a watan nan. Akwai dattijo a Kwarbai, wata biyu da shanyewar ɓarin jiki. Akwai Hajiya a Gyallesu, shekara huɗu tana kwance. Sai wata tsohuwa a Samaru mai gigin tsufa, amma ƙafarta lau. Wa zan fara turawa?

Maman Walid: Wa'alaikumus salam. Ni dai Hajiyar, Sista. Ita ta fi jin jiki, abin tausayi.

Malam Bashir mai gashin ƙashi: Ki yi haƙuri Maman Walid, dattijon ne. Wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, yawancin abin da zai dawo masa a wata uku zuwa shida na farko yake dawowa, ga shi biyu sun riga sun tafi. Mu masu gashi muna iya miƙar da shi ya taka, amma takawa daban, ɗaure tazuge da hannu ɗaya daban. Sista, wane ɓari ne?

Sista Rabi: Dama. Ya ƙi cin tuwo da hagu, sai matarsa ta ba shi a baki. Alwala ma jikansa ke zuba masa ruwa.

Malam Bashir: To kin ji aikinsu ke nan. Za su kaurara masa mariƙin cokali yadda yatsun za su iya damƙa, su koya masa fara zura hannun da ya shanye a riga kafin mai lafiyar. Su kuma leƙa banɗakin. In masai na tsuguno ne, sai a huda kujera a ɗora a kai, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Dokin ƙofar gidajen cikin gari kuwa kin san shi, shi ke kayar da tsofaffi da asuba.

Anti Ladi, nas mai ritaya: Rabi, ki daina auna su da ido. Ki yi amfani da ma'aunin Barthel, tun 1965 ake aiki da shi. Abu goma ne, maki 0 zuwa 100: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa kaya, riƙe fitsari, riƙe bahaya, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, hawa matakala. Ki cika yau, ki sake bayan wata ɗaya. Wanda makinsa ya faɗi kwanan nan, ko ya fara hawa, shi ne na turawa. Hajiya kuwa jinya take so: a juya ta duk awa biyu, a riƙa duba ƙugu da dugadugai saboda gyambon kwanciya. In yatsu sun fara ƙanƙancewa cikin tafi, ko ana son zaunar da ita a keke, sai ta shiga layi. Abin ɗaure hannu ana yi a asibitin ƙashi na Dala.

Umar, Samaru: Ranki ya daɗe Anti, ni tsohuwar nan ce ta tsaya min a rai. Mai ƙafa ga gigi ai ta fi na kwance haɗari. Kakata ta taɓa kunna risho ta shige ɗaki ta kwanta, hayaƙi ne ya farkar da maƙwabta.

Anti Ladi: Gaskiyarka, Umaru, ita ce ta biyu. Amma kafin a zo kanta a ɗauke ashana da magunguna, a sa sakata sama inda hannunta bai kai. In rikicewar cikin kwana biyu ta ƙaru, asibiti za a yi da ita nan take, don ciwon sanyin fitsari ma na jawo haka. A kai ta asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Maman Walid: Na karɓa. Allah Ya ba su lafiya baki ɗaya.

Malam Bashir: Amin. Sista, ki tabbatar mai OT ɗin yana da rajistar MRTB, hukumar da ke yi wa masu OT da masu gashin ƙashi rajista. A takardar turawar kuma kada ki tsaya ga sunan ciwo. Ki rubuta abin da ya kasa yi, da wanda ke jinyarsa.

Sista Rabi: Na gode ƙwarai. Dattijon zan tura. Gobe in sha Allah zan sa ɗansa ya ɗauko min hoton banɗakin da ƙofar ɗakin in haɗa.