Idan gwanin mutum ya faɗi a zaɓen fid da gwani, ina ƙuri'ar magoya bayansa take tafiya?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. A taimaka min da haske. Duk sanda aka gama fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, sai mu ga wanda ya faɗi ya ɗaga hannun wanda ya ci, an ɗauki hoto, an ce jam'iyya tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Ranar zaɓe kuma sai akwati ya faɗi wata magana daban. Me ake yi a aikace don kada ɓaraka ta kai ga akwati? Kuma mu nan Kano, jam'iyya muke bi ko mutum?

Malam Na Tarauni:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗora zaɓe biyu gefe da gefe za ka gani.

A Disambar 2014 a Legas, a zaɓen fid da gwani na APC, Buhari ya sami ƙuri'ar daliget 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Tazarar ta yi yawa, babu wanda zai ce an yi masa ƙwace, kuma dukkansu abokin hamayyarsu ɗaya ne. Kwankwaso yana gwamna a lokacin, ya dawo gida ya karɓi takarar sanatan Kano ta Tsakiya, wato nasararsa ta ɗauru da ta jam'iyya a rana guda. Kano ta ba Buhari 1,903,999 a 2015.

A Mayun 2022 kuwa, a PDP, Atiku ya sami 371, Wike 237, bayan Tambuwal ya janye wa Atiku a filin taro. Aka zo ɗaukar mataimaki aka ɗauki Okowa. Ɓangaren Wike ya ce to shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya sauka, tunda ɗan takara da shugaba duk daga Arewa suke. Ba a yi ba. Gwamnonin PDP biyar, har da Wike, suka ja daga, kuma a sakamakon zaɓen 2023 da INEC ta bayyana Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohinsu ba: Ribas, Oyo da Binuwai suka tafi ga Tinubu, Inugu da Abiya ga Obi.

Ga kuma lissafin da ya fi ciwo. Atiku, Obi da Kwankwaso duk 'yan PDP ne a farkon 2022. Amma a zaɓen 2023 kowa ya tsaya a jam'iyya daban; ƙuri'unsu a haɗe sun haura miliyan 14 da rabi, Tinubu ya ci da 8,794,726. Wanda ya faɗi, kujera yake nema a tafiyar, shi da mutanensa: mataimaki, shugabancin jam'iyya, daraktan kamfe na jiharsa, takarar majalisa. In ba a yanka masa nasa da wuri ba, hoton ɗaga hannu ba ya tsinana komai.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam ya yi maganar sama, bari in sauko ƙasa, don a nan ƙuri'a take zubewa.

Tun daga daliget matsalar take farawa. A 2022 APC ta ɗauki uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ke nan mutum 132 a can, 44 a nan. Su suka je Abuja, su aka sallama. Shugabannin mazaɓu 484, da shugabannin mata da na matasa, a rediyo suka ji sakamako. Su ne kuma za a ce su shiga lungu su fito da jama'a.

Makonni biyun farko su ne mafi tsada, domin tsarin mulki kwana 14 ya ba wanda yake da ƙorafi a kan zaɓen fid da gwani ya kai ƙara. Da zarar lauya ya shigar da takarda, baki ya yi tauri. Don haka wanda ya ci shi zai taka ƙafa zuwa gidan wanda ya faɗi, ba aike ba. Kwamitin sulhu kuma a sa dattawan da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika kwamitin da mutanen wanda ya ci, sai ya zama taron murna.

Sai jerin ejan. Kano tana da rumfunan zaɓe sama da 11,000. In aka ba ɓangare ɗaya rubuta sunayen ejan duka, ɗaya ɓangaren ya san an sallame shi. A raba mazaɓa-mazaɓa, gwargwadon inda kowa yake da ƙarfi. Kuɗin mota da na abinci su bi ta hannun shugaban mazaɓa a gaban shaidu, kwana biyu kafin zaɓe, ba daren zaɓe ba. Anti-fati ba ta zuwa da ganga. Ejan ne zai zo ƙarfe goma sha ɗaya, ko ya tafi kafin a ƙirga, babu wanda ya sa hannu a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, ya karɓo kwafi. Motar da za ta kwaso tsofaffi daga cikin unguwa sai a ce ta lalace. "A kasa, a tsare, a raka" aikin mutum ne wanda zuciyarsa take ciki.

Kuma don Allah a ja wa sojojin baka kunne. Kalma ɗaya ta gori a shirin siyasa na dare tana rushe sulhun wata guda, saboda washegari ita ake maimaitawa a teburin mai shayi da Kantin Kwari.

Baban Fagge:
Hajiya, komai naki daidai ne, amma ina da gyara a kan tunanin cewa jagora yana iya juya jama'arsa duk inda ya so. Yana iya tafiya da su, amma ba lallai ya iya ba da aronsu ba.

A 2019 Kwankwaso yana PDP, bayan ya faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Atiku a Fatakwal a Oktoban 2018. Atiku ya sami 391,593 a Kano, Buhari 1,464,768. Makonni biyu bayan nan ɗan takarar gwamna na PDP ɗin nan, Abba Kabir Yusuf, ya haura miliyan ɗaya. Masu zaɓen su ne dai, sun yi wake da shinkafa maimakon sak. A 2023 da Kwankwaso ya tsaya da kansa a NNPP ya sami 997,279, Tinubu 517,341, Atiku ya sauko 131,716. A zaɓen gwamna kuma APC ta tashi zuwa 890,705. Kenan ƙuri'ar sama daban, ta gida daban, kuma mutumin Kano ya daɗe da sanin haka tun zamanin ɓangarorin Santsi da Taɓo a jam'iyyar PRP.

Alamar jam'iyya ma tana da nata ƙarfin. Malam Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP a Agustan 2022, amma sunansa ya tsaya a takardun INEC, jama'a suka dangwala wa kayan marmari, alamar NNPP a lokacin, har aka bayyana shi a matsayin wanda ya ci sanata, kafin kujerar ta koma ga Rufa'i Hanga.

Saboda haka mai son sanin ko sulhu ya kama, ya ɗauko sakamakon mazaɓun da wanda ya faɗi yake da ƙarfi, ya gwada ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, tunda rana ɗaya ake kaɗa su a rumfa ɗaya. In ta ƙasa ta zarce ta sama da tazara mai yawa, to an yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa zagon ƙasa a wannan akwatin, ko da kuwa jagoran yana gefensa a kan mumbari.