Kawu ya ce in sayo baƙin bunsuru na roƙon ruwa

Ɗan Gulbi: Salamu alaikum jama'a. Ƙauyenmu na yamma da Tibiri. Tun ruwan shibka ba a sake samun ɗigo ba, hatsi har ya fara nannaɗe ganye. Kawuna ne sarkin noma, ya aiko in sayo baƙin bunsuru a yanka gindin tsohuwar tsamiya, yadda Anna, masu bautar iskoki, ke yi tun kaka da kakanni. Raina bai kwanta ba, amma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Yaya zan yi?

Almajirin Zawiyya: Wa alaikumus salam. Yanka don iskoki bai halatta ba, wannan babu ja. Sallar roƙon ruwa ita ce hanya: a fita fili da hantsi, raka'a biyu, huɗuba, a juya mayafi. Sai dai kada ka aika masa da wa'azi ta waya. Ka taka da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe shi, sannan ka yi magana.

Inna ta Jiratawa: Ɗana, kai ka ɗauka bunsurun ne ya dami kawunka? Gari ne ya zuba masa ido, in bai motsa ba a ce sarkin noma ya yi barci. Mu da aka yi fari a 1984, mata muka sa rigunan maza, muka zaga gari da kiɗan ƙwarya, yara na bin mu suna "Allah ba mu ruwa", muka dama gumba muka raba. Sayi bunsurun, ko ja ne ko fari, a yanka da sunan Allah ƙofar masallaci, a ba marayu da tsofaffi, shi kawun ya tsaya kan rabon. Girmansa na nan, kai ma ka fita.

Malamin Gona: Ni batun gonar zan yi. Ka tona gindin hatsin, in da sauran laima zai farfaɗo. In ya ƙone, nemi iri mai saurin nuna kamar irin hatsin da ake kira HKP, ko ka koma wake. Damanarmu gajera ce, wanda ya sake shibka da iri mai nauyi ƙarshen Yuli kara zai girba. Kuma a bar sare gawo da kalgo, gonar da ke da itace ta fi jure fari.

Ɗan Gulbi: Na gode. Inna, in ya ce lalle sai gindin tsamiya fa?

Inna ta Jiratawa: Tafi da liman ko wani tsaransa. Tsoho ba ya saukowa gaban yaro shi kaɗai.